Gwiwar Gwaggo Lantana

Tun da aka daina turo likitoci ƙauye, sai dai mara lafiya ya sa gilashin asibiti, ya ga likita a gabansa kamar suna ɗaki ɗaya. Wata huɗu ake jiran layi, yau kuma ya zo kan Gwaggo Lantana.

Saude, ma'aikaciyar jinyar garin, ta ɗaura mata gilashin. "Minti biyar ne, Gwaggo. Duk likitan da na'ura ta ba ki, ki nuna masa kullutun nan na mama. Ya ƙara girma fa."

Wani farin ɗaki ya bayyana. Likitan na ɗago kai, ta gane shi. Nafi'u ne, mijin 'yarta, wanda ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba.

Ya russuna. "Inna, ina kwana? Me ke damun ki?"

Ta ja mayafi ta rufe ƙirji. Saude na ta zungurin ta, saura minti biyu.

"Gwiwa ce, ɗan nan," ta ce, kanta a ƙasa.

Ya rubuta mata man shafawa cikin ladabi. Gilashin ya yi duhu, wata murya ta ce, "Sai bayan wata huɗu."