Ɗigon da Vega Ya Share

"Rubuta masa cewa jahili ne," in ji Isaka. "Jahili, kuma ɓarawon wahalar mutane."

Hadizatu ta rubuta. A dandalin manhajar haɗa hotunan taurari da Ingilishi ake magana, mijinta kuwa Faransanci kawai ya iya, don haka duk zagin da zai aika ta yatsunta yake bi.

Isaka malamin kimiyya ne a wata lise, makarantar sakandare, ta Harobanda a Yamai. Tun da damina ta ɗauke yake kai kamararsa gonakin shinkafar Saga yana ɗaukar sama. Manhajar kyauta ce, wani mai ɓoye suna, Vega, ke kula da ita. Takan daidaita ɗaruruwan hotuna, ta ɗora su kan juna har taurarin da ido ba ya gani su bayyana. A cikinsu Isaka ya hango wani ɗigo ja-ja da babu shi a kowace taswira. Ya raɗa masa sunansa, ya gaya wa ɗalibansa, ya gayyaci 'yan jarida zuwa wani zaure a otal ɗin Gaweye ranar Asabar.

Hadizatu ta taɓa ce masa ya gwada da wata kamarar tukuna. Ya ce ta tsaya ga aikinta na kamfanin waya, sama ba ta mata ba ce.

Sai ga sabuwar sigar manhajar ta fito. Ya sake haɗa hotunan, ɗigon ya ɓace.

Amsar Vega ta iso washegari yana aji. Hadizatu ta fassara masa da la'asar, muryarta ba hawa ba sauka: gyaran na share tabon da ke cikin idon kamara ne. Abin da ke sama yana tafiya tare da taurari, nasa kuwa bai taɓa gusawa ba.

"Wani Bature a ɗakin sanyi zai koya mini sararin Yamai!" Ya buga tebur. "Hassada ce. Ya ga baƙar fata ya riga su. Ce masa ya dawo da tsohuwar, ko in tona shi a gaban duniya."

Kowane zagi, amsa ɗaya a natse. Ranar Alhamis Vega ya ƙara layi guda: Isaka ya rufe bakin kamarar da murfinta, ya ɗauki hoton duhu, ya duba kusurwar hagu ta ƙasa, inda ɗigon yake.

Isaka ya rantse ba zai yi ba. Ranar Juma'a ya kulle kansa a ɗaki da kamarar. Da ya fito, fuskarsa ta yi toka. Ya kira 'yan jaridar ɗaya bayan ɗaya, ya ce an ɗage taron, ba shi da lafiya.

"Ya ci ni," ya ce, bai kalle ta ba. "Amma rubuta masa Allah ya isa."

"To, Malam."

Ya ja takalmansa ya nufi masallaci, ya bugo ƙofa har labule ya girgiza.

Hadizatu ta aika saƙon yadda ya faɗa, harafi da harafi. Sannan ta fita daga shafin mijinta, ta shiga nata, inda saƙon ya riga ya iso yana jiran amsarta, amsar Vega.