Gidan da Zai Karɓe Shi

"Ba wanda ya ɗaga hannu, Baba," in ji fasto, kansa a sunkuye.

Kowace Lahadi sai ya tsaya gaban jama'a yana roƙon gida guda da zai karɓi ɗan da tsohon nan zai bari in ta Allah ta kasance. Ɗan ya haura arba'in, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne. Jama'a su amsa da amin, kowa ya kama gabansa.

Tsohon ya gyara kwanciya da ƙyar. "To, sauya addu'a. Roƙa mini ya riga ni tafiya, ko da yini ɗaya ne."

Fasto ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

A bakin ƙofa ɗan ya tare shi, hannuwansa duk kumfar sabulu.

"Fasto, wai gida kake nema mini?"

"Ina kan nema, ɗan'uwana."

Ɗan ya waiwayi ɗakin, ya rage murya.

"Nemo wa Baba tukuna. Ni na iya wanka da kaina. Shi ne ya manta, ni nake yi masa. Amma kada ka faɗa a coci, zai ji kunya."