Cokali Uku

An yi wani direban babbar mota da ya shekara tara a hanyar Kurmi bai leƙo gida ba. Ranar da ya dawo, a gadon asibiti ya iske mahaifiyarsa, ciwon hanta ya kwantar da ita. Idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura kamar tulu, hannuwa kuwa sai ka ce sillen kara. Mutumin da ya saba da gudu, zama ba nasa ba ne. Ya bazama kasuwa, ya dawo da tsire mai ƙuli, da farfesun kayan ciki da ya ji gishiri da dunƙule, da kwalbar jiƙo da wani mai magani ya rantse masa a kanta. So yake ya rama shekara tara a wuni ɗaya. To, shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce abincinsa zai cutar da ita. Ta kawar da kai, ta ci. Kafin la'asar ta amayar da komai, cikin ya ƙara ɗaurewa, numfashi na fita da ƙyar.

Ma'aikaciyar jinyar ɗakin, wata dattijuwa, ba ta yi masa faɗa ba. Ta goge wa tsohuwa baki, ta tokare mata baya da filo biyu, ta ɗauke kwalbar jiƙon. Sannan ta miƙa masa ƙaramin cokali da kofin kunu, babu kanwa, babu gishiri. Ta ce, "Direba, nan ba hanyar Ikko ba ce. Cokali uku, ka tsaya, ka bari ya zauna mata." Kullum da safe takan auna cikin da zare bayan an ba da magani, ta nuna masa yadda zai shafa mai a ƙafafun da ke ƙaiƙayi ba tare da ya karce fata ba. Ƙafarsa na ta rawa a ƙasa kamar mai neman totur, amma hannun ya koyi jira. Uku ta zama biyar, wata rana ta koma biyu, ya fita waje ya share hawaye ya dawo. Ana cikin mako na huɗu kofin ya ƙare tas. Ya miƙe zai wanke, sai ya ji an riƙe masa bakin riga. Tsohuwa ba ta dube shi ba, bango ta fuskanta ta ce, "A ce wa wancan ya ƙaro."

Shi ya sa magabata suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.