Matar da Ke Son Likitan Ido

"Yau sai kin gaya min ko wace ce!" na ce wa jikata, na fizge takardun daga hannunta.

Littafinta na farko ne na soyayya. Wai wata baƙar mace ce ta mutu a kan son wani likitan ido Ba'indiye. Ni kuwa na san yarinyar nan ba ta iya ƙirƙira ba, a unguwarmu ta gano.

Sati uku ina bincike, abin ya ƙi ci. Na zargi matar mai shago, na zargi telar layinmu, har suka daina amsa gaisuwata. Duk gidan da na shiga sai na zazzage labarin, in ƙara da cewa, "Ko ma wace ce, ba ta da kunya."

Jikata ta ce, "Kaka, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba, ja'ira!"

Ta yi ajiyar zuciya. "To, wa ke fesa turare duk Talata ta tafi gwajin ido, alhali tana zura zare a allura ba tabarau?"

Na ajiye takardun. Can na rage murya na ce, "A ƙarshen littafin, shi ma yana sonta?"