Akwatin Katunan Khairunnisa

Kwana huɗu ke nan abinci ba ya shiga mini, duk a kan aikin 'yata Khairunnisa.

Wani ɗan laburaren 'yan Koriya ne a Queens ya ɗauke su gwaji, ita da wata 'yar Gana mai suna Ama. Gurbi ɗaya ne, Juma'ar nan za a zaɓa. Aikin kuwa jera tsofaffin katunan sunayen marubuta, kafin a shigar da su kwamfuta.

Ashe su sunan gida suke farawa da shi, na yanka ya zo ƙarshe. Wasu ma sunan gida biyu gare su, na uba da na uwa, kamar Kim Pak Suni. Wannan a ƙarƙashin Kim take zama. Sati uku yarinyar nan tana fama, har ta ɗauko akwatin zuwa gida Tremont ta ƙarasa, ta ɗora shi kan firij.

Ranar Litinin ta mayar, ta ajiye a teburin da suke zama da Ama, ta fita sayen shayi. Da shugabarsu Madam Hwang ta buɗe, sai ga Kim Pak Suni a ƙarƙashin Suni. Kati ɗari huɗu, kaf an bi sunan ƙarshe.

Ta dawo gida tana huci.

"Mama, Ama ce! Wa ya rage a wurin in ba ita ba?"

"To, ba a jere suke ba?"

"A jere tsaf! Har da ɗaure su da roba, don rainin wayo."

Na ce ta bi a hankali, zato ba kyau. Ta ce, "Ke Mama kowa na kirki ne a wurinki." Madam ta ce a kawo mata wanda ya yi, in ba haka ba duk su biyun su tafi. Gobe Khairunnisa za ta kai sunan Ama.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ta yaya zan gaya mata cewa ranar Lahadi da ta tafi wajen tela, ina goge firij akwatin ya kife mini, na zauna awa uku na jera su da sunan ƙarshe, yadda ake kiranmu a asibiti?