Wa Ya Yanke Minti Bakwai?

Darakta ya maka wasiƙar a kan tebur.

"Sun cire ƙasarmu daga gasar waƙa ta duniya! Wai ƙa'ida ce, sai gidan talabijin ɗinmu ya nuna gasar bara kai tsaye, daga farko har ƙarshe. Mu kuwa wani sakarai ya yanke minti bakwai!"

Mawaƙiyar da ta shafe wata shida tana atisaye ta fashe da kuka. Har rigar fita an ɗinka mata.

"Share hawayenki, 'yata. Yau sai na kori mai laifin, ko ƙanin uwata ne. Injiniya, wa ya yanke?"

Tsohon injiniya ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, a bar kaza cikin gashinta."

"Kunna mana faifan, kowa ya ga fuskarsa!"

Ya kunna. Ana tsakiyar waƙa hoto ya ɗauke. Sai ga Darakta ya cika allo, yana washe baki:

"Masu kallo, mun katse shirin ne don in yi muku albishir. Baɗi da mu za a fafata a wannan gasa!"

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a bugo takardar korar?"