Gefen da Ya Goge

Shi ya kaɗe wata mai tallar burodi da motarsa a mararrabar titin jirgi ta Agege, kuma bai tsaya ba. Nan take ta rasu. Tirenta ya karce masa fenti a gefen dama, layi guda dogo. Abin da shaidu suka iya faɗa kawai shi ne baƙar mota ce.

Bai kai ta wajen masu fenti ba, don ya san sun cika tambaya. Ya sayo injin goge mota da mansa, ya kulle ƙofar gida, ya koyi aikin a waya. Duk sanda injin ya juya, ƙarar tire yake ji yana gangarawa a kan kwalta. Kwana uku yana guga, har layin ya ɓace. Wurin ya koma kamar madubi, ya daina kallonsa saboda fuskar da yake gani a ciki.

Ran Juma'a ya ajiye motar a bakin masallaci. Wani tsohon mai fenti, maƙwabcin marigayiyar, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Rana ta koɗar da motar ko'ina, sai gefen dama kaɗai ke walƙiya.

"Alhaji, sannu da aiki," in ji tsohon. "Mu in za mu goge mota, duka muke gogewa. Me ya taɓa nan?"

Ya kai hannu zai buɗe motar, masu fitowa daga salla suna taruwa. Tsohon ya tuna da baƙar motar da shaidu suka faɗa, ya ce a kira 'yan sanda.

Shekara bakwai alƙali ya yanke masa.